Kifin Shu'ibu

Mutanen Haɗejiya ba sa wahalar da kansu da dogon sunan da ke rubuce a allon ƙofar gidan. Gidan mushe kawai suke ce masa, kuma ba su yi ƙarya ba, don duk abin da ke ciki ya daɗe da mutuwa: tsuntsayen fadama kwance a durowa an cusa musu auduga, macizai a nannaɗe, kifaye tsaye cikin kwalabe suna jiƙe da sifirit. Gidan adana halittu ne na wata cibiyar bincike da ke bayan gari, kuma shekara ashirin da huɗu ke nan Malam Muttaka Baƙo yana buɗe shi da safe yana rufewa bayan la'asar.

Aikinsa shi ne ya kamo, ya gyara, sannan ya rubuta 'yar takardar da ake jefawa cikin kowace kwalba: ranar da aka kama abin, wurin da aka kama shi, da sunan wanda ya kamo. Da fensir ake rubutawa, don tawada narkewa take yi a sifirit. Da takardun nan Muttaka yake taƙama. Masana sun zo daga nesa sun ce ba su taɓa ganin masu tsabta kamar nasa ba, shi kuwa bai bar maganar ta faɗi ƙasa ba. Duk baƙon da ya shigo sai ya ji cewa kifin da ba shi da takarda abin miya ne kawai.

Rana ɗaya aka ɗauke su aiki shi da Shu'ibu, ɗan Auyo, kuma tun ranar kwano ɗaya suke cin abinci. Shu'ibu mutum ne mai surutu da dariya. Idan aka aike shi fadama da komar kamun kifi, labarin da zai dawo da shi ya fi kifin yawa. Muttaka yana son sa ƙwarai, irin son da mutum ke yi wa wanda ya tabbata bai kai shi ba.

Sai aka turo musu sabuwar shugaba, Dakta Hafsat, 'yar Jahun, wadda ta yi karatun kifaye har ta ƙure malamanta. Shekara ɗaya da rabi ta yi tana buɗe tsofaffin kwalabe tana ƙirga ƙayoyin bayan kifi a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, tana aika hotuna ƙasashen waje, ba ta ce wa kowa komai ba. Ran nan da hantsi ta kira su biyu ofis. A kan teburinta akwai wata 'yar kwalba, da kifaye huɗu a ciki waɗanda ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba, sun koɗe sun yi fari fat.

"Malam Muttaka, Malam Shu'ibu, ku zauna," in ji ta. "Wannan kifin babu shi a kowane littafi a duniya. Mun bincika, an tabbatar, jiya aka buga bayaninsa. Kuma da yake duk sabuwar halitta sai an raɗa mata suna, na sa masa sunan wanda ya kamo shi."

Ta juyo musu da kwamfuta. Ga sunan Shu'ibu nan, an liƙa masa wutsiyar Latin, yana zaune daram a saman shafi. Ta ce ta ɓoye ne don ta ba shi mamaki. Shu'ibu ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa yana ta salati. Muttaka kuwa ya jawo kwalbar ya leƙa takardar da ke ciki. Rubutunsa ne, babu ko tantama. Watan Oktoba na shekarar 2005, wani kududdufi gabas da Kirikasamma, wanda ya kamo Shu'ibu. Nan take ya tuna ranar sarai.

A lokacin wani mutum ne shugabansu, Oga Haruna, mai zafin rai, wanda ya rantse duk wanda ya sake fashin fita fadama zai kore shi. Da asubar ranar aka aiko wa Shu'ibu cewa jikin mahaifiyarsa ya tsananta a Auyo. Muttaka ya ce masa ya tafi, shi ya san abin da zai yi. Shi kaɗai ya yini cikin ruwa har gwiwa, matsattsaku na shan jininsa, ya dawo da bokiti biyu. Da ya zo rubuta takardu sai ya raba kamun biyu, rabi da sunansa rabi da sunan Shu'ibu, don Oga ya ga kamar tare suka je. To amma da yake Muttaka Muttaka ne, sai ya zaɓe manyan nan masu kyan gani, su ragon ruwa da gaiwa, ya sa wa kansa. Tarkacen ƙananan da ya kwaso a wani kududdufi a hanyar dawowa su ya liƙa wa abokinsa. Tsohuwar ta rasu bayan kwana uku, aka shiga zaman makoki, maganar kwalabe ba ta sake tashi ba.

"Malam Muttaka, ba ka ce komai ba," in ji Dakta.

"Barka, mutumina," ya ce wa Shu'ibu. "Allah ya sa alheri."

Da farko ya zaci Shu'ibu zai ja shi gefe ya ce, "Kai, wannan fa kamunka ne." Da ya yi haka, wataƙila da Muttaka ya yi dariya ya ce a bar maganar, ya tafi gida yana jin kansa babban mutum. Amma Shu'ibu bai ja shi ko'ina ba. Shekara goma sha tara ba kwana biyu ba ce, kuma fitar da suka yi fadama tare ta fi a ƙirga. Da ya ga sunansa a takarda, da rubutun Muttaka wanda kowa ya san ba ya kuskure, sai ya yarda. Kafin azahar ya fara tuna ranar. Kafin mako ya zagayo ya tuna har da kalar rigar da ya sa.

Wani gidan rediyo ya aiko aka yi hira da shi. Ya faɗi yadda ya hango wani abu yana walƙiya a ƙarƙashin bado, yadda zuciyarsa ta ce masa wannan ba irin na kullum ba ne. A majalisar bakin kasuwar kifi labarin ya ƙara ƙiba, har da wani kada da ya tsallake. Masu babur suka fara kiran sa Mai Kifi. Ɗaliban sakandare suka zo a motoci biyu, suka wuce Muttaka a bakin ƙofa kamar maigadi, suka yi layi suna ɗaukar hoto da Shu'ibu da kwalbarsa. Wata yarinya ma Muttaka ta miƙa wa wayarta ta ce, "Baba, don Allah ɗauke mu." Ya ɗauke su, ya yanke wa Shu'ibu rabin kai da gangan.

Hassada ce, ba sai an yi mata kwalliya ba. Ta hana shi jin daɗin abinci, ta sa dariyar Shu'ibu, wadda a da take ɗebe masa kewa, ta koma masa kamar ana goga ƙarfe a kan siminti. Ya lura da abubuwan da bai taɓa lura da su ba: yadda Shu'ibu ke tauna da ƙarfi, yadda yake ɗaura agogo a hannun dama, yadda yanzu yake cewa "mu masu bincike". Abin da ya fi ci masa rai shi ne da hannunsa ya zaɓi kifin ya ba shi. Da ya san abin da ke cikin tarkacen nan, da ragon ruwan ya ba shi, har da bokitin.

Matarsa Sakinatu ta gaji da tsakin da yake ja a kan tabarma. Da ta matsa masa ya ba ta labarin duka, yana jiran ta yi salati ta ce an cuce shi.

"To Malam, wa ya cuce ka?" ta ce tana tsince shinkafa. "Kai ka rubuta. Alheri ka yi, Allah ya karɓa, ya ƙara masa albarka. Ka bar shi mana."

"Sunana ne fa ya kamata a ce yana wurin nan."

"Ai sunanka na nan a kan kwalabe dubu."

"Waɗannan kowa ya san su! Tarwaɗa ce da karfasa!"

Ta ɗaga ido ta dube shi. "In ka buɗe baki, ka san ba Shu'ibu kaɗai za ka tona ba."

Ya sani. Shi ya sa ya yi wata biyu bakinsa a rufe. Sau ɗaya kawai ya gwada, suna cin ɗanwake a inuwar darbejiyar gidan. Ya ce, "Wai kai da gaske ka tuna ranar nan?" Shu'ibu ya ce, "Kamar jiya, wallahi," da zuciya ɗaya, har ya tura masa ragowar ƙwan da ke kwanon.

Da ruwa ya fara ja da baya a watan Oktoba, Dakta Hafsat ta ce tana son ta ga kifin da ransa. Sifirit ya cinye launin na cikin kwalba, kuma tana zaton irin kifayen nan ne da ƙwansu ke kwana cikin busasshen taɓo duk rani, sai ruwa ya sauka su ƙyanƙyashe. In kududdufin ya ƙafe, sai kuma baɗi. Ta ce Malam Shu'ibu ne zai yi jagora, tunda shi ya san wurin, Malam Muttaka kuma ya riƙo bokitai da koma.

Suka hau babura zuwa Kirikasamma, daga nan wani masunci mai suna Zarami ya ɗauke su a kwalekwale. Fadamar ba yadda suka san ta a da take ba. Ciyawar kacalla ta cinye hanyoyin ruwa, ta fi mutum tsawo, inda a da ake ratsawa yanzu sai gonakin shinkafa. Shu'ibu ya zauna a goshin jirgi yana nuna hanya da hannu kamar mai ba da umarnin yaƙi. Nan ne, a'a can ne, a ɗan ƙara gaba. Duk kududdufin da ya nuna sai Muttaka ya shiga ya ja koma, ya fito da 'ya'yan karfasa da kwaɗi, ya zube su gaban Dakta. Ranar farko ta wuce a haka. Muttaka ya koma gida a jiƙe, ƙafafunsa duk cizon matsattsaku, amma rabon da ya ci tuwo da daɗi irin na ranar har ya manta.

Rana ta biyu da azahar Dakta ta fara gajiya. Suna zaune kan wani tudu, Zarami yana kwashe ruwa daga jirgi da ƙwarya, ta ce, "Malam Shu'ibu, ka natsu ka tuna. Akwai wata bishiya, ko wani ƙauye kusa? Malam Muttaka, kai ba ka tuna komai ba? Ba tare kuka fita ba?"

Shu'ibu ya riga shi amsawa. Kunya ta kama shi, yana neman inda zai fake, sai ya yi dariya ya ce, "Ai ranki ya daɗe, mutumin nan ba zai sani ba. Ranar yana can wajen manyan kifayensa. Shi in abu bai kai cinya ba ba ya kallon sa. Ni kaɗai na ratsa na shiga."

Wasa ya yi, irin wanda suka saba shekara da shekaru. Sai dai ya taɓa daidai inda ke ciwo, don gaskiya ce. Muttaka ya ajiye bokiti. Bai ma san lokacin da ya miƙe ba.

"Kai kaɗai ka shiga ina? Kana Auyo! Kana Auyo a gaban gadon Inna ranar nan, ko ƙafarka ba ta taɓa ruwa ba! Ni na kamo shi, da hannun nan. Ni na rubuta sunanka don kada Oga Haruna ya kore ka. Wata biyu ina jin ka kana ƙarya a rediyo, har da kada!" Ya juya wajen Dakta. "Ranki ya daɗe, ba nan ba ne sam. Mun wuce shi tun jiya. Akwai bishiyar giyayya uku a jere, kududdufin na bayansu, ba ya haɗe da kogi. Ku zo in kai ku."

Zarami ya daina kwasar ruwa. Shu'ibu ya buɗe baki zai musa, sai ya tsaya. Muttaka yana kallon fuskarsa lokacin da ainihin ranar ta dawo masa, ta ture wadda ya gina. Ya sunkuyar da kai ya daɗe.

"Oktoba," ya ce a hankali. "Haka ne. A watan Inna ta rasu." Ya ɗago. "Ashe asiri ka rufa mini, Muttaka. Ban sani ba, da na yi maka godiya tun tuni. Amma da ka ja ni gefe ka faɗa mini ni kaɗai."

Suka shiga jirgi, Muttaka ya nuna hanya. Giyayyun suna nan, biyu a tsaye ɗaya ta faɗi. Kududdufin ya ragu, saura kamar faɗin tsakar gida. Muttaka ya shiga, ya ja koma sau ɗaya, ya ɗago. Ga su nan suna tsalle, 'yan ƙanana, mazan jajaye wur da ɗigon shuɗi a gefe, wutsiyarsu da baƙin baki kamar an yi musu ɗinki. Ko Zarami da ya tsufa a ruwa sai da ya ce bai taɓa kula da su ba. Dakta ta durƙusa cikin taɓo tana ɗaukar hoto. Muttaka ya tsaya a kanta ruwa na ɗiga daga wandonsa, yana jiran ta ɗago ta dube shi yadda ta dubi Shu'ibu ran nan a ofis, amma hankalinta na kan kifin.

Washegari ta kira shi ofis shi kaɗai. Ya shiga da sabuwar hula.

"Malam Muttaka, na gode da ka kai mu," ta ce. "Ba don kai ba da mun rasa shekara guda. Amma akwai abu biyu. Na farko, sunan ba ya canzawa. Ƙa'idar ke nan a duk duniya, in an buga an buga, ko ni da na raɗa ba ni da ikon janyewa. Kifin Shu'ibu ne har abada."

Ya gyara zaman hularsa. "To na biyun fa, ranki ya daɗe?"

"Sau nawa ka yi haka?"

"Sau ɗaya ne."

"Ka tabbata? Ka yi tunani, don Allah. Ba faɗa nake yi ba."

Ya yi tunanin, kuma da bai yi ba da ya fi masa. Akwai ranar da shi kansa zazzaɓi ya kwantar da shi, Shu'ibu ya fita shi kaɗai, shi kuma Muttaka ya raba takardun. Akwai lokacin da suka makara da kwana biyu ya ja kwanan watan baya don ya dace da abin da Oga ke so. Akwai wasu tsuntsaye da wani mafarauci ya kawo daga wajen Nguru, ya rubuta musu Haɗejiya don bai ga amfanin dogon bayani ba. Duk a lokacin bai ɗauke su ƙarya ba, zaman tare ne kawai da rufa wa juna asiri.

"Zai kai sau biyar," ya ce. "Ko shida."

"Ka san waɗanne kwalabe ne?"

"Wasu."

Ta cire tabarau ta murza idanunta. Ba ta ɗaga murya ba, shi kuwa da ta ɗaga da ya fi samun sauƙi. Ta ce akwai masana a ƙasashe uku da suka dogara da takardunsa suka zana taswirar inda kowane kifi yake a kogin nan, ita ma da su ta yi aikinta. Dole ta rubuta gyara a mujallar da ta buga bayanin, kuma dole a bi duk durowa da duk kwalba a sa alamar tambaya a kan abin da ba a tabbatar ba. Ta ce shi zai yi, don babu wanda ya san su kamarsa.

Haka ya shafe rani yana bin kwalabensa ɗaya bayan ɗaya, yana zaro takardun da ya yi shekaru yana nuna wa baƙi, yana ɗiga musu alama da fensir. Shu'ibu bai yi gaba da shi ba. Yana gaishe shi kullum da safe, ya tambayi iyali, sannan ya ɗauki kwanonsa ya tafi wajen masu gadi. Ya daina ba da labarin kifin, in ɗalibai sun zo sai ya ce yana da aiki a baya. Masu babur dai ba su daina kiran sa Mai Kifi ba, kuma duk lokacin da Muttaka ya ji, abin nan yana nan yana cin sa, bai ragu da komai ba.

Ana gab da saukar ruwa gyaran ya fito. Dakta ta kawo masa har teburinsa, shafi ɗaya tak, ta ce gara ya ji daga bakinta. Ta karanta tana mayar masa da Hausa: an gano cewa wanda ya kamo kifin na farko shi ne Muttaka Baƙo, ba wanda aka ambata a baya ba, shi ne kuma ya rubuta sunan wani a takardar kwalbar, saboda haka ana shawartar masu bincike su yi hattara da duk bayanan da ya rubuta a wannan gida kafin su yi aiki da su.

"Ina ne sunan nawa?" ya tambaya.

Ta nuna masa da ɗan yatsa. Sau biyu ya fito a shafin, an rubuta shi daidai, har da lanƙwasar ƙa ɗin Baƙo.

"Wannan ma duk duniya za a karanta?"

"Duk duniya, Malam."

"Kuma shi ma ba ya canzawa?"

Ta miƙa masa shafin ta ce, "Shi ma."